Inna Ta Ce Ta Warke

A gidanmu na Tudun Wada a Sakkwato, wutar da ta fi kowace daɗewa ita ce ta Kaka. Idan an kwashe tuwo, murhun Inna ya mutu, sai Kaka ta jawo 'yar kujerarta gaban nata murhun da ke bayan ɗaki, ta ɗora madarar da wata Bafulatana ke kawo mata da la'asar daga wajen Kwalkwalawa. Kindirmo take yi, matan unguwa su zo su saya da safe. Tsakanin magariba da isha'i ke nan, kuma wannan ɗan lokacin namu ne.

Mu biyu ne yaran gidan, ni da Yaya Sanusi. Shi ɗan yayar Inna ne, ta ɗauko shi yana da wata bakwai bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ya girme ni da shekara huɗu. Sai da na kai aji uku na firamare na san ba ciki ɗaya muka fito ba, shi ma daga bakin wata maƙwabciya mai surutu na ji. Da na tambayi Inna, ranƙwashi na sha.

Kaka ita ta haifi Inna. Ƙaramar mace ce, haƙoranta jajir da goro, ba ta son a hanzarta ta a komai. Idan madarar ta tafasa sai ta sauke, ta zauna jiran ta huce, tana tsoma ɗan ƙaramin yatsanta lokaci lokaci. Da ta ji ɗumin ya yi mata, sai ta ɗebo ludayi guda daga kindirmon jiya, wanda take kira uwar nono, ta zuba, ta rufe ƙwaryar da faifai. Na taɓa tambayarta amfanin wannan ludayin.

"Akwai masu rai ciki, Kulu," in ji ta. "Idonki ba ya ganinsu. Su ka aikin, ni gadi kurum nika yi."

A cikin wannan jiran madara ta huce muke samun tatsuniya. Takan gyara zama ta ce, "Ga ta can tahe, wa ka tarbonta?" Mu kuma mu ce, "Mu ka tarbonta, Kaka." Yaya Sanusi ya fi ni murya, kuma ya fi ni riƙe labari. Wani lokaci shi ke tuna mata inda ta tsallake.

Akwai guda ɗaya da take yawan maimaitawa. Wai a wani gari an yi wani mahauci mai cin tsiya, wanda cikinsa ya kumbura har in ya buga shi sai ka ji kamar ganga. Ya je wurin wata tsohuwa mai nono a bakin gulbi. Ta kara kunnenta a cikinsa, ta saurara, ta ce faɗa ake yi a ciki, ta ba shi kindirmo ya sha kwana uku, masu rai suka shiga suka raba faɗan, ciki ya sace. Wani maƙwabcinsa ya ga haka, ya lallaɓa ya saci ƙwaryar tsohuwar, ya kafa rumfa a kasuwa yana shelar cewa shi ne mai maganin kumburin ciki. Wasu suka sha suka ji sauƙi, sunansa ya zagaya gari. Rannan aka kawo masa wani manomi da ya haɗiye ɗan kabewa, ya tsiro a cikinsa. Ɓarawon ƙwarya ya yi ta ɗura masa nono, kabewa na shan ban ruwa tana girma. Da mutumin ya kusa mutuwa, 'yan uwansa suka ɗauke shi sai bakin gulbi. Tsohuwa ta kara kunne, ta daɗe tana saurare, sannan ta ɗago.

A nan Kaka ke sauya murya, ta shaƙe ta kamar ta wadda ta fi ta tsufa. "Wanga ba nawa ba na. Ku kai shi ga wanzami, ku yi sauri."

Wanzami ya tsaga ya fitar da kabewa, manomi ya tashi. Sai Kaka ta dube mu ta ce, "To, wa yab ba shi lahiya?" Mu ce wanzami. Ta girgiza kai. "Allah yab ba shi. Amma sanadin, wadda tac ce ba nata ba na." Daga nan sai ta ce ta ƙare, kowa ya je ya yi alwala, ta tsoma yatsa a madara.

Ni dai a lokacin kabewar ce ke ba ni dariya. Na daina haɗiye 'ya'yan lemo saboda ita.

Kaka ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare. Na yi aure, aikin koyarwa ya kai mu Gusau ni da maigidana. Yaya Sanusi ya zauna gida da iyalinsa, shi ke kula da Inna tun bayan rasuwar Baba. Ya gwada sana'o'i da dama, babu wadda ta zauna, har ya haɗu da wasu masu tallan magungunan ƙarin lafiya. Ya dawo yana sa kwat, yana yawo da jaka cike da 'yan robobi. Babban abin da yake talla wani kafso ne da ya ce Turawa na kira furobayotik. Ranar da ya fara yi mini bayani a waya har daɗi na ji.

"Kin tuna masu ran da Kaka ke hwaɗi? Su na, Kulu. Su anka sa cikin kafso. Kaka ta riga likitoci sani."

Da damina Inna ta fara kuka da cikinta. Ta ce yana cika mata, loma uku sai ta ji kamar ta ci akushi guda. Na ce a kai ta asibiti. Yaya Sanusi ya ce haba, maganin yana cikin jakarsa. Duk sanda na kira, shi ke ɗauka, domin Inna ba ta iya latsa waya sosai ba, kuma amsarsa ɗaya ce, ana samun sauƙi. In ya miƙa mata, ita ma ta ce alhamdulillahi. Inna ko ƙafarta ce ta karye alhamdulillahi za ta ce.

Bayan kamar wata biyu sai ya turo bidiyo a guruf ɗin danginmu. Inna ce zaune kan tabarma, ta yafa babban mayafi har gwiwa, tana riƙe da robar kafson. Tana cewa ta daɗe tana fama da kumburin ciki, ɗanta ya ba ta wannan, yanzu ta warke. Tana maganar tana satar kallon wanda ke riƙe da wayar, kamar ɗalibar da ke tsoron ta manta hadda. Dangi suka yi ta sa albarka. Ni ma na sa. Wannan na daga cikin abubuwan da har yau nake jin kunyarsu.

Bayan bidiyon, wata huɗu cur ban je gida ba, ga makaranta, ga goyo. Wata ranar Asabar sai ga kiran Sista Rifkatu. Ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar Filato, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu tun ina yarinya. Duk Sallah Inna na aika musu da tuwo, duk Kirsimeti su aiko mana da shinkafa. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Hauwa, me hoton ya nuna? Na ga shiru."

Na ce wane hoto.

Sai ta ce wata uku da suka wuce ta shiga gaida Inna, ta taɓa cikin, abin da ta ji bai yi mata ba. Ta kira Sanusi waje ta ce masa wannan ba iska ba ce, ruwa ne ya taru, a je a ɗauki hoton ciki cikin makon nan. Har ta rubuta masa takarda zuwa wurin wata likita da ta sani. Ya karɓa da hannu biyu yana godiya. Bayan kwana biyu ya ce mata an je, ana jiran sakamako, kuma ya ce ya gaya mini.

Washegari da hantsi ina Sakkwato. Na tarar da Inna a ɗaki babu mayafi. Hannuwanta sun zama kara, wuyanta ya zurma, ciki kuwa kamar na mai wata tara. Zanenta ba ya ɗauruwa, sai ta riƙe shi da hannu. Ta ganni ta yi murmushi ta ce, "Yayanki ya ce dattin na ka taruwa wuri guda kahin shi hita." A bakin gadonta akwai robobin da ta shanye, ta jera su da kyau, ba ta yar da ko ɗaya ba.

Na same shi a zaure yana shirya jakarsa. Ban gaishe shi ba, karo na farko a rayuwata.

"Ina takardar da Sista ta ba ka?"

Ya ce wace takarda. Na maimaita. Ya zauna kan benci, ya ce shi fa ya yi imani da maganin nan, mutane da yawa sun sha sun ji daɗi, kuma a wurin horon masu talla an gaya musu ciki kan ƙara tashi kafin ya sauka. Na ce na ji, ina takardar. Ya ce ai shi ma uwarsa ce, ina tsammanin zai cuce ta? Na ce ina takardar, Yaya. Sai ya ɗaga murya.

"Bidiyon ya riga ya tahi ko'ina, Kulu! In anka ganta asibiti, mutane su ce mi?"

Ya faɗa, ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai. Na koma ciki na haɗa wa Inna kaya.

A babban asibiti aka zuƙe mata ruwa, aka ɗauki hoto, aka ce ƙari ne a mahaifa, mugun iri, kuma ya bazu. Likitar mace ce mai magana a hankali. Na ɗauko roba ɗaya na nuna mata, ina so ta ce guba ce, don in sami abin da zan tsana. Ta juya ta, ta karanta, ta ce a'a, irin waɗannan ba su cika cutarwa ba. Wasu masu kumburin iska ko rikicewar hanji sukan ji sauƙi da su, wasu ba sa jin komai, kuma kindirmo mai kyau ma yana ɗauke da irinsu. Amma ba sa taɓa ƙari. Ta ce duk cikin da ya yi makonni bai sauka ba, ga rama, ga saurin ƙoshi, a duba shi kafin a sha komai. Na tambaye ta da an zo wata uku da suka wuce fa. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin abin da Allah kaɗai ya sani ba, amma da suna da abin yi fiye da na yanzu.

Ban gaya wa Inna zancen takardar ba, ita ta gane da kanta. Ranar da Yaya Sanusi ya zo duba ta, ta sa aka tayar da ita zaune. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Sanusi, ka sa na yi ƙarya, kuma ga inda za ni. Ka goge abin nan." Ya durƙusa yana kuka, ya rantse zai goge. Ta dafa kansa ta ce ta yafe. Ta juyo gare ni ta ce kar in kuskura in yanke zumunci. Ta rasu bayan Babbar Sallah da kwana tara.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. A da na ɗauka rashin sani ne laifin ɓarawon ƙwarya, mutum ne da bai iya kara kunne ba. Yanzu na ga ba nan gizo ke saƙa ba, domin rashin sani ana gyara shi da magana ɗaya. Yayana an gaya masa, an rubuta masa, ya ninke ya sa aljihu. Abin da ya gagare shi shi ne ya tsaya gaban mutanen da suka yaba masa ya ce wannan ya fi ƙarfina. Na kuma gane cewa bai ƙirƙiro ƙarya daga sama ba. Gaskiyar Kaka ya ɗauka, ya yanke mata ƙarshe, shi ya sa ta shige mu duka ba tare da mun tauna ba. Ina gaishe shi in mun haɗu, saboda Inna ta ce. Iyakar abin da na iya ke nan.

Bara, a wani biki a Gusau, na zauna kusa da wata mata da ban sani ba. Na lura ta ture farantinta bayan loma kaɗan, tana sassauta zane. Hira ta kai mu ga ciwo, ta ce watanni ke nan cikinta ba ya sauka, amma ta sami magani, har ta yi oda. Ta ciro waya ta ce bari in ga wata tsohuwa 'yar Sakkwato da ta warke da shi. Ta latsa, sai ga muryar da na yi shekara biyu ban ji ba.

Na bari ya kai ƙarshe, domin na kasa cewa ta tsayar. Sannan na ce, "Mahaifiyata ce. Ba ta warke ba. Ciwon ne ajalinta."

Matar ta dube ni, ta dubi wayar, ta kife ta a cinya. Na karɓi lambarta, ranar Litinin na nemi izini a makaranta na raka ta asibiti. A hanya na tambaye ta wa ya turo mata. Ta ce ƙanwarta, ita kuma daga wata ƙawarta a Kaduna.

Ita ta goge nata a gabana. Sauran kuwa ban san adadinsu ba, ban san garuruwan da suke ba. Inna na can cikin wayoyin mutane, da mayafinta har gwiwa, tana gaya wa marasa lafiya ta warke.