Ƙofar da Mudi ya sani

Ke Lailatu, uwarki ta taɓa gaya miki abin da ya sa na ƙi barin ɗakin nan, ko aiko ki kawai ta yi ki ɗaure mini kaya? Ajiye ƙullin nan. Na ji, ta gina mini ɗaki a Kpakungu, har da famfo a tsakar gida. Allah ya yi mata albarka. Ki daina leƙen rufin nan da dogon wuyanki, na san yana yoyo, a kaina yake zuba ba a kanki ba. Zauna.

Kina da kawu, Mudi. Shi na haifa a bayan uwarki, a ɗakin nan na Ƙetaren Gwari, shekarar da aka yi mana jiha, Minna ta cika da baƙi. Yaro kyakkyawa, mai yalwar gashin ido. Har aka yaye shi bai ce Inna ba. Ki yi ta kiran sunansa, ko waiwaye. Muka ce kurma ne. Amma kafin kowa ya ji jirgin ƙasa, Mudi ya riga ya miƙe ya tsaya bakin ƙofa. In aka tayar da injin niƙa kuwa, sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado.

Kakanku, Allah ya ji ƙansa, leburan reluwe ne. Ya saɓa shi ya kai asibiti, aka ce kunne lafiya, harshe lafiya. Ku 'yan boko kun ce yanzu abin yana da suna. Mu a lokacin cewa aka yi an ɗaure masa baki. Ya sha rubutu, ya sha hayaƙi. Aka kira wanzami ya tsaga masa ƙarƙashin harshe, wai a nan maganar ta maƙale. Ni na riƙe shi, ina ta ce masa, sannu, sannu, ya wuce.

Sai da ya fara famfara, haƙoran nono suna zubewa, sannan muka ji muryarsa. Akwai maƙwabciyata Alisabatu, Gbagyi ce, tana tallar doya, kayanta a kafaɗa yadda suke ɗauka. Ran nan ina tankaɗe sai na ji, "Ga doya sabuwa!" daga cikin ɗaki. Muryar Alisabatu sak. Na leƙa, Mudi ne. Na saki rariya na hau kuka. Alisabatu ta shigo tana dariya, ta ce, "Maman Mudi, mun ce ya yi magana, ba mu ce ya ƙwace mini ciniki ba!"

To, haka maganarsa ta zauna. Ba shi da tasa, sai wadda ya tsinta ya ajiye. In ya ce "wanke hannu", yunwa yake ji, don abin da nake ce masa ke nan kafin tuwo. In ya ce "sannu, ya wuce", to wani wuri na yi masa ciwo, sai in laluba in gano. Ƙishirwa kuwa, wuyan hannuna yake kamawa ya ɗora a kan randa. Ba ya kallon fuska. Yara suna ce masa rediyo, ko a jikinsa. Ni kaɗai nake jin yarensa a duniyar nan, kuma ban taɓa jin ya kira ni ba.

Kullum in zan tafi kasuwa nakan ce masa, "Zauna nan, yanzu zan dawo." Sai ya zauna a dokin ƙofar can, ya yi ta jera marafan kwalba kamar taragon jirgi. Ko rana ta juyo kansa ba ya gusawa sai ya ga ƙafata.

Ya fara tsawo ke nan kakanku ya rasu. Na shiga takaba. Bayan sadakar bakwai sai wan kakanku, Mika'ilu, mai noman doya a Gwada, ya tsaya bayan labule ya ce zai tafi da yaron.

"Azumi, ke kika lalata shi. Kafin ya buɗe baki kin miƙa masa, ina zai yi magana? A gona in yunwa ta kama shi zai faɗa."

Na ce, "Yaya, yana faɗa, ba dai yadda za ku gane ba."

"Mu ma ai Hausa muke ji."

Ba mugunta ba ce, so yake ya gyara ɗan ƙanensa. Kuma ɗa na dangin uba ne, ni mace mai takaba, ko zaure ba na leƙawa. Na shiga karanta masa ta bayan labule: in ya ce kaza a ba shi abinci, in ya ce kaza a duba jikinsa, kada a kai shi kusa da inji. Ya yi dariya ya ce, "Aku za a ba ni ko mutum?"

Ban fita takaba ba saƙo ya zo. Ranar kasuwar Gwada aka tafi da shi ɗaukar doya. Ga motoci, ga hon, ga injin niƙa. Ya fizge hannu, shi ke nan. Aka bi gonaki, aka gaya wa masu unguwa, aka yi cigiya a rediyo. Mutane suna ta ƙwala kiran Mudi a daji, yaron da ba ya amsa sunansa! Ni da zan san inda zai ɓuya ina zaune a ɗaka da carbi. Wani ya ce ya ga yaro yana bin layin dogo. Ranar da na yi wankan fita ban tsaya karɓar gaisuwa ba, tasha na wuce. Na daɗe ina zuwa, har ma'aikatan suka daina tambayata.

Yanzu ya isa gemu. In yana raye, Lailatu, ba zai iya tsayar da mutum ya ce ina uwata ta koma ba. Bai san Kpakungu ba. Bai san famfo ba. Ƙofar nan kaɗai ya sani. Ya zo ya tarar da wani a ciki, me zai ce masa? Ga doya sabuwa?

Ki koma ki gaya wa uwarki haka. In tana son yi mini alheri, ta turo a ɗora kwano ɗaya a inda yake yoyon.

Marafan suna cikin gwangwanin can, kada ki taɓa. Safiyar da za a tafi da shi, ya jera su a dokin ƙofa har ƙarshe, Mika'ilu yana waje yana cewa mota za ta cika. Na tsaya a iyakar inda aka yarda in tsaya. Mudi ya kama wuyan hannuna, na zaci ruwa yake so. Sai ya ja ni ƙasa ya zaunar da ni a wurinsa, kusa da jirginsa. Bai kalli fuskata ba. Da muryata ya faɗa, yadda nake faɗa masa:

"Zauna nan, yanzu zan dawo."