Kowa Ya Ce Basir Ne

Assalamu alaikum. Na san kun daɗe ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Masu tambaya ko juna biyu ne ya ɓoye ni, a'a. Jinya na yi. Kuma yau da fushi na zo.

Ranar da abin ya fara ina kwance ina karatu, jarumar littafin ta yanke jiki ta faɗi a falo, miji ya sungume ta sai asibiti. Na kife littafin na shiga banɗaki. Na ga jini.

Kun san ni da littattafan soyayya. A cikinsu na san ciwon zuciya, na san suma a hannun masoyi. Ban taɓa karanta jarumar da ta shiga banɗaki ba, balle ta ga abin da na gani. Sai na ja bakina na yi shiru.

Yau gudawa, gobe ciki ya ɗaure. Murɗa. Jiri. Zanen da na ɗaura da safe kafin azahar ya sassauta.

Da na kasa, na faɗa wa Iya, kakata da ke Guri. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga gyaran kifi.

"Basir ne, 'yar nan. Wa ya rasa shi? Rage mai da zaƙi."

Maigidana ya ce basir ne, shi ma yana da shi. Maƙwabta suka ce basir ne. Mai magani da ke ihu a lasifika ranar kasuwar Haɗeja bai ma bari maigidan ya gama bayani ba, ya miƙo jarka.

Ga inda fushina yake. A wajenmu ciwon baya basir ne, kasala basir ce, kumburin ciki basir ne. Duk abin da ya taso daga cibiya zuwa ƙasa, da wannan kalma ɗaya muke rufe shi, don kada bakinmu ya faɗi abin kunya. Na sha jiƙo, na sha sassaƙe, na zauna a ruwan bagaruwa. Jini bai tsaya ba.

Sai da na faɗi ina shanya aka kai ni asibiti. Aka auna, jinina ya yi ƙasa sosai. Likita ya tambaya ko wani a danginmu ya taɓa irin wannan. Iya ce ta amsa.

"Kakanta. Lokacin da kuɗin fetur suka shigo ƙasar nan, sa'anninsa na sayen babur da rediyo, shi yana kan tabarma yana zubar da jini har ya ƙare. Basir ne ya kashe shi."

Likita ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Iya, wa ya duba ya ce basir ne?"



Sannan ya ce sai mun je Kano, a zura wani siririn bututu mai kyamara ta dubura a leƙa hanjina. Na ce ko kusa. Na ce a sallame ni.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro uku ne suka haɗu mini: zafi, kunya, da abin da za a gani. Masu zuwa dubiya suka ƙara wuta. Wata ta ce hanji yake fasawa. Wata ta ce, "Matar aure? A gaban ƙato? Tab!" Ko ɗaya cikinsu ba a taɓa yi mata ba. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Maigida ya sayar da shinkafarsa tun ba ta yi daraja ba don kuɗin gwajin, ya zo ya same ni ina kuka.

"Ni ne mai kishin, na ce na yarda. Ke kuma na'ura kike jin kunya?"

Na juya masa baya. Iya ce ta yaye mini mayafi.

"Tashi, don Allah. Na yi wa kakanki shiru har ya mutu. Ba zan sake ba."

Muka tafi.

Gaskiya mafi wuya shi ne maganin wanke ciki da ake sha kafin ranar. Ɗanɗanonsa ba daɗi, ba abinci sai ruwa, kuma banɗaki ya zama ɗakina.

Ranar ta zo, aka shigar da ni. Wata nas, dattijuwa, ta lulluɓe ni ruf, ta ce, "Amarya, mu hanji muka zo gani, ba ke ba." Aka yi mini allura. Da na farka na tambaya yaushe za a fara. Ta yi dariya ta ce ai an gama.

An sami wani tsiro a hanjina, an cire shi a take, an kai gwaji. Jiran sakamako ya fi komai tsawo. Ya fito ba ciwon daji ba ne. Amma likita ya ce irin wanda yake rikiɗewa ne in an bar shi.

Basir ɗin fa? Ko alamarsa babu.

Alhamdulillahi. Jini ya tsaya, ina shan maganin ƙarin jini, na fara mayar da jiki. Allah ya saka wa maigidana, ya bar mini Iya, ya biya nas ɗin nan da ban ko tambayi sunanta ba.

'Yan uwa, in kun ga jini, ko bayan gida ya canja ya ƙi komawa daidai, ko rama ba dalili, ku je a duba. Ku faɗa wa likita da sunansa, ba "larurar ƙasa" ba. Ku tambayi tsofaffinku abin da ya kashe na gaba. In kina son mace ta tsaya kusa da ke, ki roƙa. Kuma kada ku je dubiya ku tsorata marar lafiya da abin da ba ku sani ba.

Likita ya ce bayan wani lokaci sai an sake leƙawa. Har yanzu ina jin tsoro. Zan koma.