Matar da Ba Ta Zubar da Takarda

Ƙarfe bakwai da rabi Madam Ifeoma take buɗe shagonta a Sabon Gari. Ta yi shara, ta yaye zanin da ta rufe kwamfuta da shi, ta goge tabarau, ta zauna. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Da tafireta ta fara. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu masu kawo mata aiki, shi ya sa marubuta suka yi ta kawo mata labaransu a littafin makaranta tana buga musu.

Yawancinsu in sun karɓi bugun, sai su bar na hannun a kan benci. Ba ta taɓa zubar da ko ɗaya ba. Takan rubuta suna da shekara a bangon, ta sa a leda, ta jera a kwalin taliya. Sau uku tana sauya shago, kwalayen na biye da ita. Mijinta Augustine ya sha ce mata ɓeraye take gina wa gida. Wani mai tsire ya nemi ta sayar masa ya riƙa naɗe nama. Amsarta ɗaya ce, ba nata ba ne.

Cikin masu kawo aikin akwai Hajja Jawahir ta Kwaciri. Ta rubuta Shagon Ruwaida, labarin wata mai sayar da atamfa, kashi uku. Na ɗaya da na biyu sun fito. Na uku Madam ta buga shi, amma maɗaba'ar da aka kai wa ta rufe, bugun ya salwanta. Ran Hajja ya ɓaci, ta ajiye biro. Shekara ashirin ba a ƙara zancen littafin ba.

Bara wani darakta, Abdulƙahhar, ya shiga adaidaita a Fagge, ya tarar an manta kashi na biyu a kan kujera. Kafin cunkoso ya sake su ya ci rabinsa. Ya nemo na ɗaya, ya nemo Hajja, ya ce fim zai yi. Sai dai Hajja ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki, abubuwa da yawa sun kwance mata, har da ƙarshen labarin. Masu ɗaukar nauyin fim suka ba shi sati biyu ya samo ƙarshen, in ba haka ba a yi da wanda yaransa suka ƙirƙiro. Su kuwa a hatsarin mota suka kashe Ruwaida. Da aka karanta wa Hajja, sai hawaye. Ta ce ba ta tuna abin da ta rubuta ba, amma ta san ba ta kashe yarinyar nan ba.

'Yarta Mahbuba ce ta tuna da wata mai tafireta da ake aikenta wajenta tana ƙarama. Kwana huɗu suna tambaya, ita da daraktan, kafin su samo sabon shagon.

Madam ta dube su ta saman tabarau. "Jawahir mai rubutu kamar kaza ta taka tawada? Ku zauna. Kwali na biyar ne ko na shida."

Na shida ne. Daraktan ya miƙo hannu, ta ƙi ba shi littafin, ta ce sai mai shi. Ta rufe shago da rana tsaka, ta je Kwaciri, ta zauna a bakin gado ta karanta wa Hajja, don ita kaɗai ke iya gane rubutun. Ruwaida ba ta mutu ba. Shago na biyu ma ta buɗe.

"Ni na rubuta wannan?" in ji Hajja.

"Ke kika rubuta, Hajja. Ni dai na sha wahalar karantawa."

Fim ya fito da ƙarshen Hajja. Ana ta cewa daraktan ya taki sa'a. Ya taka ɗin. Amma da ba ki nan, Madam, da sa'ar ta ƙare a kujerar adaidaita. Ke ce kika yi ta ɗaukar kayan da masu shi suka manta, ba wanda ya sa ki, ba wanda ya tambaye ki. Na zauna har ƙarshen jerin sunayen fim ɗin. Akwai na mai dafa abinci. Babu naki.

Ƙarshen watan nan Madam za ta rufe shago, ido ya gaji. Saura kwali tara, kuma ta ce ba za ta tafi ba sai ta san hannun da za su shiga.

Mun gode, Madam, mai amana. Allah ya ƙara lafiya, ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma, duk abin da wani ya bari a hannunmu, mu riƙe shi haka. Wanda ya san ya taɓa kai mata rubutu, ko uwarsa ta kai, ya je kafin wata ya ƙare. Ya fara gaishe ta kafin ya tambayi kwali.