Turken Malam Hali da Kwafi na Uku

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Malam Hali makwancinsa a Goronyo. Ban taɓa rubuta kalma ɗaya a kansa ba, domin a ganina addu'a ta fi yabon jarida amfani ga mamaci. Abu biyu suka sa na ɗauki alƙalami yau: wani tauraro, da wata takardar gayyata da aka kawo mini gida a Wurno makon jiya.

Tauraron shi ne wanda masana ke kira Tau Ceti. Rana ce irin tamu, sai dai ta ɗan gaza tamu girma da haske, kuma tana cikin mafi kusa da mu. Mai lafiyar ido zai gan shi wajen kudu bayan magariba a waɗannan watanni. Haskensa yakan yi tafiyar shekara goma sha biyu, saura kaɗan, kafin ya iso ƙasa. Ke nan hasken da ke sauka a kan rufin gidana bana ya taso ne daidai lokacin da muke yi wa Hali sutura. Shi ya koya mini wannan lissafi, kuma na sake bi, ban sami kuskure ba.

Ni da Hali tare muka yi makarantar mishan a Gusau, inda iyayenmu ke aikin jirgin ƙasa. Da Musuluncinmu muka shiga, da shi muka fito, tare da ɗabi'a guda da ta zame mana alheri da masifa: ba ma iya ganin kuskure mu wuce. Ni na zama akawu mai buga tafireta a ofishin ilimi. Shi ya zama malami a wata firamare a ƙasar Rabah, a shekarun da ake ginin madatsar ruwa.

A wani tsohon littafi ya karanta cewa taurari ranaku ne, kuma mai yiwuwa wasunsu suna da duniyoyi masu kewaya su. Ya rasa yadda zai fahimtar da 'ya'yan manoma yadda za a gane abin da ido ba ya gani. Sai ya kafa dogon turke a bayan katangar makaranta, ya ɗaure akuya, ya tsayar da ɗalibai a inda kan turken kaɗai suke hange.

"Mi kunka gani?"

"Turke na motsi, Malam."

"Wa ka motsa shi?"

"Akuya."

"Kun gan ta?"

Suka ce ba su gan ta ba. Ya ce to haka duniya take jan ranarta, kuma wata rana za a dubi rawar tauraro a ƙidaya abin da ke ɗaure da shi. Tauraron da ya zaɓa ya yi misali da shi, shi ne wannan da na ambata.

Ana cikin darasin sufeton makarantu ya iso, wani mai suna Labbo. Ya tambayi ajin rana nawa Allah ya halitta. Wata ɗaliba ta ce ta kusa guda ce, na nesa ba su ƙidayuwa. Labbo ya ce guda ce tak, wanda ya ce ba haka ba a duba kansa. Da Hali mai sassauci ne, da ya bari sai sun keɓe. Bai bari ba. Ya buɗe littafin a gaban yara, ya sa yatsa a kan layin, ya ce sufeto ya karanta da ƙarfi. Yara suka yi dariya. Wannan laifin Hali ne, kuma ban taɓa ɓoye shi ba.

Kwana uku bayan haka Labbo ya tsaya a kaina yana faɗa ina bugawa. Rahoton ya ce Malam Hali yana da taɓin hankali, yana ɓata lokacin gwamnati da akuya, yana kuma cusa wa 'ya'yan Musulmi abin da ya kwaso a wurin 'yan mishan. Limamin garin ya riga ya ji darasin, ya ce halittar Ubangiji ta fi ƙarfin ƙidayar ɗan Adam, bai ga abin zargi ba. Ba wanda ya tambaye shi. Ni kuma da na ji an ambaci mishan, sai na tuna cewa makarantarmu ɗaya, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Na buga. Ban tsallake ko aya ba. A ƙasan shafin, kamar yadda ƙa'ida ta ce, na sa haruffan sunana a gefen na mai sa hannu.

An koya mana mu riƙa buga takarda uku: ta asali, ta fayil, da siririya ta uku wadda akawu ke ajiyewa. Ta asali ta tafi Sakkwato. Ta fayil gara ta cinye. Ta uku tana cikin akwatina.

An cire Hali daga aji. Ya koma ƙasan madatsa yana noman albasa, kuma layukansa sun fi na kowa miƙewa a fadamar. Yara suka sa masa suna Mai Rana Biyu, manya suka karɓa. Kowace kaka yakan aiko mini da buhun albasa. Sau ɗaya kawai ya taɓa zancen, muna zaune a gindin rumbunsa. Ya ce, "Na ga takardar, Garba. Bugunka na da tsabta." Daga nan ya tambaye ni lafiyar iyali.

Bayan rasuwarsa na ji a rediyo cewa masana sun auna rawar wannan tauraro, sun ga alamun duniyoyi, har ana maganar huɗu. Wasu masanan suna tababar adadin, kuma dole in faɗi haka, domin da Hali yana raye shi ne zai fara gyara mini. Zai ce kada in rubuta huɗu sai an tabbatar. Amma hanyar da suka bi ita ce hanyar turke, kuma da ita aka gano duniyoyi masu yawa a jikin wasu taurarin. Na kashe rediyon.

Yanzu ga takardar gayyata. Makarantar da Hali ya koyar ta girma, an gina mata ɗakin kimiyya, kuma za a buɗe shi ranar Asabar da sunan Alhaji Labbo, wanda takardar ta kira uban ilimin kimiyya a ƙasarmu. A wannan wata kuma dangin wani saurayi suka janye daga neman jikar Hali, bayan sun yi bincike an ce musu akwai hauka a gidan. Mahaifiyar yarinyar, Hajo, ita ce 'yar Hali ta fari. Ta zo ta zauna a zaurena ta ce, "Baba, ku da kunka san shi, ba mai faɗin gaskiya?"

Na hau kabu-kabu na tafi gidan Labbo. Na same shi a kan kilishi, ana yi masa fifita.

"Garba akawu, ashe kana nan da rai?"

"Ina nan, Alhaji, ni da takarduna."

Na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya karanta layi biyu, ya ajiye.

"Wanga zance ya tsufa. Wa ka tuna shi?"

"Ni."

"Ai kai kab buga ta."

"Ni nib buga ta. Shi ya sa niz zo da kaina."

"To mi kaka so? Mutum ya kwanta dama, mi za ta ƙara mai?"

"Jikatai na raye, an hana ta miji saboda wagga takarda. Ka tashi ran Asabar ka ce ƙarya ka yi."

Ya yi dariya, ya ce tsufa ya taɓa mini hankali, in gaida mutanen Wurno. Kalmar da ya yi wa Hali amfani da ita ke nan, bai ko sake mata riga ba.

Na san abin da Hali zai ce da yana nan. Zai ce in bar shi da Allah, sa'an nan ya nemi izini ya shiga ɗakin ya ga ko an jera kayan daidai. Shi ya yafe, kuma haƙƙinsa ne. Haƙƙin Hajo da 'yarta ba nasa ba ne, ba nawa ba ne, kuma ba wanda ya yafe shi. Ina son Labbo ya ji abin da ake ji idan an karanta sunan mutum a bainar jama'a, yana zaune ba shi da amsa. Ina son jikokinsa su kasance a wurin. Na auna wannan buri da ma'aunin addini na ga ba shi da kyau duka, amma ban ga dalilin fasa shi ba.

Me ya rage na Hali? Littafin ya yage, an rushe katangar, fadamarsa wani ke nomawa. Akwai dattawa a ƙasar Rabah da har yau idan suka ga turke yana rawa sukan ɗaga kai sama, ba su san dalili ba. Akwai tauraron, wanda ya yi masa shaida bayan ya tafi. Akwai kuma takarda mai layi goma sha tara.

An ba ni minti biyar in yi magana a matsayin tsohon ma'aikaci. Na gwada, karatun rahoton minti uku yake ci. Zan karanta shi daga kwanan wata har sa hannu, ba zan tsaya a sunan Labbo ba, zan karanta haruffa biyun da ke gefensa, in faɗa wa jama'a cewa na sunana ne. Na aika wa dangin saurayin su zo su zauna a gaba. Allah ya jiƙan Hali, ya haskaka kabarinsa. An goge mini farar rigata, takardar tana cikin aljihunta.