Inda Na Juya Fuskata

Shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, ni lebura ne a wurin fasa dutse kusa da Tsafe. Allah ya ba ni murya kamar ta jaki, shi ya sa heluma, shugaban leburori, ya ɗora ni kan tudu. In za a tayar da nakiya sai in yi ihu sau uku, "A kauce!"

Akwai wani Bafillatani makiyayi da shanunsa suka cinye mini dawa da kaka. Na kai ƙara, aka ba ni haƙuri. Na karɓa da baki kawai.

Ran nan an kunna wa nakiya wuta, sai na hango shi a bayan dutsen yana neman maraƙi, inda ba mai ganinsa sai ni. Na yi ihun nan uku cif, amma na juya masa baya na yi su, iska ta kwashe. A raina na ce bari ya ɗan razana. Dutse ya same shi a ƙirji.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Ni na fi kowa faɗa, kuma da ni aka kai gawar ruga.

Cikinmu akwai wani magini Bazazzagi mai bin addinin Almasihu, muna yawan tsokanarsa don ba ya aikin Lahadi. Washegari ya same ni ina wasa gatari, ya ce, "Na ga inda ka juya."

Na ce, "Mi ka gani? Ƙaddara ta."

Ya ce, "A wajenmu zunubi a zuciya yake tsira kafin ya kai hannu. Allah ya ba ka murya, ya bar maka zaɓin inda za ka fuskanta. Gafara tana nan, dominta Almasihu ya zo, amma sai ka kira abin da sunansa. Kuma ko an gafarta maka, mamaci ba zai tashi ba."

Na zage shi tas. Na san limaminmu ma da ya ji ba zai ce ƙaddara ya yi shiru ba, shi ya sa ban taɓa gaya masa ba. Tsoro nake ji. Duk ihun da na yi bayan haka, sai in ga mutum a bayan dutse.

Bayan damina na taka har gefen Bungudu, inda uwar mamacin ta koma, da niyyar in faɗa mata. Tana ganina ta shimfiɗa tabarma, ta kawo nono a ƙwarya.

"Kai ne mai kiran nan? Allah shi yi maka albarka, ɗana. An ce har sau uku ka kira. Kada ka sa wa ranka, tun yana ƙarami in yana biyar maraƙi ba ya jin kowa."

Na buɗe baki, ni da ake jin muryata daga Tsafe har 'Yandoto. Sai na kafa kai a ƙwaryar na shanye.