Jibo Mai Hayaƙi

A Nahuce ta ƙasar Bungudu aka haifi Jibo ɗan Tambaya, 'yan shekaru kafin zuwan Turawa. Manomi ne kamar kowa, sai dai yana da wata sana'a da ba ta da suna: kashe suri. In gara ta yi gini a gonar mutum, Jibo ake kira. Ba ya tsayawa ga rushe saman. Haƙa yake da dagi, wani lokaci har ramin ya kai masa ƙugu, sai ya ciro uwar garar, fara sol, mai kaurin babban yatsa. Daga nan surin ba ya sake tashi.

A kakar 1925, da aka yanke gero, ya bar wa ƙanensa Attahiru gonar dawa, ya bi fatake zuwa Kano yana kora musu jakuna. Matarsa Yelwa ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli a tsumma, ta ce kada ya daɗe.

A Kano ya ji ana neman lebura a wani fili bayan ganuwa. Ya tarar da mutane suna cike ramuka, suna sare kututture. Heluman aikin, wato shugaban leburan, Malam Garba, yana ta faɗa a kan suri uku da aka baje sau biyu suka sake tsirowa.

"Malam, ba haka a ka yi ba," in ji Jibo da harshensa na Zamfara. "Ku ba ni dagi."

Kwana biyu ya gama da su. Sannan ya tambayi abin da za a shuka a wurin.

Garba ya yi dariya. "Ba shuka za a yi ba. Jirgi ne zai sauko daga sama. In ƙafarsa ta bugi suri, shi ke nan."

Jibo bai gaskata ba. Ranar saukar, Garba ya ba shi wani aiki: ya tara ɗanyen ganye a gefen fili, ya cinna wuta, kada hayaƙin ya yanke, domin da shi matuƙan za su gane inda iska ta nufa.

Ƙarar ce ta fara isowa. Sai ga jiragen, guda uku, fiffike bisa fiffike. Jama'a suka watse, wasu suna salati. Hayaƙi ya cika wa Jibo ido, amma ya ci gaba da zuba ganye. Na farkon ya kewaya, ya fuskanci iska, ya gangaro, ya bi daidai ta inda Jibo ya cike ramin suri na biyu. Ko tuntuɓe bai yi ba.

Da abin ya lafa, Jibo ya tambayi Garba daga ina suke.

"Masar. Kwana shida, in ji tafinta."

Jibo ya zauna a ƙasa. Mahaifinsa ya tafi Makka a ƙafa tun Attahiru yana goye, kuma a shekara ta huɗu aka kawo labarin ya rasu a hanya, bai ko kai bakin teku ba.

Da ya koma Nahuce ya ba da labari, aka yi ta dariya, aka laƙaba masa Mai Hayaƙi. Mahaifiyarsa, Inna Luba, ita kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Mutane na ciki?" ta tambaya.

"Bibbiyu, Inna. Na ga sun hito, sun sha ruwa."

"To in ya ɗauki biyu, wata rana shi ɗauki goma. Jikokina ba su tahiya ƙasa."

Sunan Mai Hayaƙi bai dami Jibo ba, amsawa yake. Da aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta bi ta Tsafe, shi ya fara zuwa daga ƙauyensu neman aiki, ya ja samari bakwai, ciki har da waɗanda suka fi yi masa dariya. A 1929, da tashar Gusau ta fara aiki, ya sami fili a Sabon Gari, ya ɗauko Yelwa da 'ya'yansu biyu. Ɗakin farko da ya gama bai shiga ba. Ya shimfiɗa tabarmi, ya ajiye randa a ƙofa, ya aika Bungudu cewa duk wanda zai hau jirgin ƙasa ya sauka a gidansa.