Baba Titus da Sojan Kyauta

Da zarar rana ta yi sanyi a Pantami, Baba Titus zai fito da allunan ches, wato darar Turawa, a tsohuwar jakar buhu, ya jera su kan benci a gindin dogon yaro. Tsohon malamin firamare ne, ya daɗe yana koyar da 'ya'yan unguwa wasan nan don Allah. Bana idanu sun ce ya huta.

Duk wanda ya zauna gabansa ya san dokarsa. Idan abokin karawa ya miƙo maka soja a banza tun farkon wasa, ka zauna kan hannuwanka tukuna. "Ba sonka yake yi ba," in ji Baba. "Hanya yake nema zuwa ga sarkinka."

Ba wadda dokar ta wahalar kamar Najeeba, yarinya mai kai amma wuta-wuta, ko me aka ajiye sai ta cafke. Mahaifinta, Alhaji Jalo, ya gaji, ya ce in ta sake dawowa da kuka daga gasar makarantu, ita da ches har abada. Da gasar ta zagayo kuma, ya je kallo da kansa.

Ran nan aka haɗa ta da Hillary, ɗan unguwar Bolari da ya saba gama mutane tun ba su gyara zama ba. Ya ba da soja, ta ci. Ya turo na biyu. Hannunta ya tashi, Baba daga baya sai leƙe yake yi, ga shi ba ya ganin allon sosai. Sai ta cusa hannun ƙarƙashinta. Ta bar sojan, ta fito da doki, ta ɓoye sarkinta. Harin Hillary ya huce, aka tashi canjaras.

Alhaji Jalo ya ƙaraso. "Malam, ba ta ci ba fa."

"Ba ta ci ba, Alhaji."

"Yarinyar da ba ta iya jiran shayi ya huce, yau ita ce da haƙuri haka? Ta ci gaba da zuwa. Ƙanwarta ma za ta biyo ta."

Baba Titus, kai ne mai sanyaya zuciyar 'ya'yan mutane, kai ka koya musu duba kyauta kafin su karɓa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu da idanunmu ke gani, kunya ta kama mu in muka bar yaran nan biyu suka zo ba mai koya musu.